Mai jinyar ƙyanda

A gidanmu na Argungu akwai dokar da ba a musu a kanta: wanda ya taɓa yin ƙyanda shi ke jinyar mai ƙyanda, don ba ta kama mutum sau biyu. Ni kuwa tun tasowata cikin waɗanda suka yi ake lissafa ni. Inna ce ta faɗa, ban kuma taɓa ganin dalilin bincike ba.

Shi ya sa lokacin da 'yata ta fari ta kwanta, tana da shekara uku, ban ji ko ɗar ba. Muna haya a Gwadangaji, ciki da falo, maigida yana wajen aiki a wata jiha, ga jariri ɗan wata uku a bayana. Zazzaɓi ya fara, sai tari, idanu suka yi jawur, a rana ta huɗu ƙuraje suka feso daga bayan kunne. Laifin nawa ne, ba zan ɓoye ba. Allurar wata tara na yi ta cewa gobe, gobe, har katin ya ɓata cikin kayan ƙaura, ni kuma na samu hujjar mantawa.

Inna ta biyo motar farko daga Argungu da ƙunshin busasshen kifi da tsamiya. Ta leƙa yarinyar, ta dube ni.

"Ke kin yi, riƙe abinki," in ji ta.

Haka na ci gaba. In goge wa wannan jiki, in juya in ba wancan nono, duk a ɗaki guda.

Da tarin ya ƙi sauƙi muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar 'yan kasuwar kudu ce da ke unguwar Nasarawa, nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kama da ta Kabi. Ta wanke ni tas kan maganar allura, na sunkuyar da kai. Da ta huce sai ta hango jaririn, ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce jiki yana da sojojinsa a cikin jini. In cuta baƙuwa ce, ba su san da me za su buge ta ba, sai sun ɗauki mako ɗaya ko biyu suna ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, kafin nan mutum ya sha wuya. In an ci yaƙin, wasunsu ba sa mutuwa, suna nan riƙe da kamanninta har tsufa. Ranar da ta sake leƙowa, kafin ta zauna sun gama da ita. Allura ma abin da take yi ke nan, nuna musu fuskar ɓarawo kafin ya hauro. Uwa kuma tana zuba wa ɗanta nata makamin tun yana ciki, ya riƙe shi 'yan watanni.

"To ɗan ga naki bai da komi sai abin da kinka ba shi," in ji ta. "Kin tabbata kin yi ta?"

"Inna ta ce na yi."

Muka juya gare ta. Inna, wadda ba ta taɓa rasa amsa ba ko a gaban surukai, tana gyara bakin mayafinta. Ba a taɓa yi mini allurar ba, wannan kaɗai ta tabbatar.

Sai a cikin Keke, muna komawa, ta buɗe baki. Na san ina da yaya da ta rasu ina ƙarama, amma ba a zancenta a gida.

"Ku biyu kunka kwanta bisa tabarma guda," ta ce. "Ita tata ta hito mata har cikin baki. Ke jikinki da zahi, amma ban duba ki ba. Kwana bakwai ban dube ki ba, ita nika kallo. Da anka kai ta makwancinta, mutane sunka ce ɗiyan duka sun yi, ni ko nac ce awo, haka ne."

Na ji haushi, wallahi na ji. Shekara talatin ina yawo da maganar da ba ta da tushe, yanzu ga ɗana kwance a kanta. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga tana shafa ƙafar jikarta. Na haɗiye maganar.

Dama nas ta ce in jaririn ya kamu, cikin mako biyu za a gani. Inna ta karɓi jinyar babbar, ni da jariri muka koma falo, ko da yake mun san an makara. Kowace safiya sai in fito da shi tsakar gida inda haske yake, in lanƙwasa kunnensa in duba, in taɓa goshinsa da leɓena, sannan in duba wuyana a madubi. Ranar da ya yi atishawa sau biyu kasa cin abinci na yi. Inna ba ta tambaya. Tana dai tsayawa a bakin ƙofa da kwano a hannu har sai na girgiza kai.

Babbar ta tashi, fatarta tana saɓa kamar dusa, ta fara neman kifi. Mako biyu suka cika, muka ƙara ɗaya don tsoro. Ni lafiya, yaro lafiya, har kumatu ya ƙara.

Na shiga ɗaki da murna na ce, "Inna, ashe maganarki gaskiya ce. Jikina ya san ta."

Na zaci za ta yi hamdala ta ce ai ta faɗa. Sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallona.

"Ashe kin yi," ta ce a hankali. "Kina nan gehena kina yi, ke ɗai, ko ruwa ban tuna na ba ki ba."

Ta kai tafin hannunta goshina ta bar shi a nan, ni da 'ya'yana biyu, ban ce mata ta ɗauke ba.