Randar Inna a tashar Alshajara

Jama'a, jirgin ƙasa ya tsaya a tasharmu yau!

Kun san 'yar tashar bayan Alshajara, ba ma'aikaci, jirgi ya daɗe da daina tsayawa. Nan Innata ta sauka da ƙishi shekarun baya, ranar da ita da danginta suka baro gonakin audugar Jazira. Shi ya sa kullum take cika randa a wurin, sadaka.

Yau na bi ta in ɗauke randar. Na ce, "Inna, gwiwarki fa! Wa ke sha?"

Sai ƙarar birki! Direba ya diro, ya shanye moɗa biyu. Ya ce, "Hajja, na roƙi manya a dawo da tsayawa nan. Kullum ina hango randar nan cike, na ce musu tashar tana da mai kula."

Inna ta miƙo min jarka. "Ɗebo!"