Yadda Muka Zama Jumhur Mu Biyu

Labarin juyin juya halin Rasha a bakin wani tsohon tela na fara jin shi, a wani lungu na unguwar Darrasa a Alƙahira, ina tsaye ina jiran ya ɗinke mini aljihun jallabiya. Baba muke ce masa. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun kama hanyar Makka a ƙafa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Da ƙuruciya ya yi aikin jirgin ƙasa, a wurin 'yan ƙwadago ya kwaso labaran nan. Yaƙi ya koro shi Alƙahira da tsufansa, daga shi sai keken ɗinki. A shagon yake kwana, shagon kuwa don ƙanƙanta sai ya naɗe ƙafafu kafin ya kwanta.

Bai taɓa kiran jagoran juyin da sunansa ba, mai sanƙo yake ce masa, kamar wani abokin wasansa.

"Ɗana," in ji Baba, zare a baki, "ana tsakiyar yaƙi sarkinsu ya faɗi, aka naɗa gwamnatin riƙo. Talaka ya ce yunwa, su ce a bari a gama yaƙi. Soja ya ce ya gaji, su ce a bari a gama yaƙi. Mai sanƙo yana ƙasar waje yana kurɓar shayi, sai ya hau jirgin ƙasa ya dawo."

A nan Baba yakan daɗe. Sai ya faɗa maka irin kan jirgin, da yadda direba ya ja birki, kuma na tabbata rabi shi ya ƙera abinsa.

"Yana sauka ya ce abu uku: a daina yaƙi, a ba manomi gona, a ba kowa burodi. Khalas, shi ke nan. Amma dabararsa ta gaske suna ne. Can baya a wani taro ɓangarensa ya taɓa cin ƙuri'a, sai ya raɗa musu masu rinjaye. Da yarenku na malamai, jumhur. Daga baya ko sun fi kowa ƙaranci, sunan yana nan. Ɗaya ɓangaren kuma, sakarkaru, suka amsa sunan 'yan tsiraru."

Na yi dariya har da riƙe ciki, don ya taɓa mu. Mu ɗaliban fiƙihu, da zarar an ce jumhur, wato mafi yawan malamai, sun tafi a kan abu, gardama ta mutu. Wanda ya saɓa sai a ce ra'ayinsa shazzi ne, ya ware shi kaɗai. Gara ka ce wa ɗalibi ya faɗi jarrabawa da ka ce masa shazzi.

Sanyi na ƙaratowa mai shagon ya ce wa Baba ya tattara, zai mai da wurin na sayar da waya. Baba ya faɗa mini yana tari, yana dariya, wai zai koma bakin masallaci ya yi makwabtaka da tattabaru. Ni ban ga abin dariya ba. Raina ya ɓaci sosai.

Mu bakwai ne a gidan hayarmu na Hay el-Sabi', akwai kuma wani ɗan ɗaki kusa da kicin. Babu mai kwana a ciki sai littattafan Ustaz, babbanmu a gidan, wanda ya daɗe yana rubutun digiri na biyu har mai gadin bene ya ɗauka malamin jami'a ne. Na same shi da maganar cikin ladabi, har da durƙusawa.

Ya shafa gemu ya ce, "Magana ce mai kyau. A bari a gama jarrabawa, sai a yi shura."

Jarrabawa a wurinmu ba ta ƙarewa, ana gama wata ake shelar wata. Na fito ina huci. Ina kan matakala maganar Baba ta faɗo mini: a bari a gama yaƙi. Na tsaya cak. Ashe gwamnatin riƙo muke da ita a gida ban sani ba.

Mutum ɗaya na samu, wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, wanda in dai tsokana ce ba ya tambayar dalili. Muka fara da ƙaramin abu. Ranar da aka sake dafa miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na Masar, ya ajiye cokali ya ce, "Jumhur dai na ganin adas ɗin nan ta isa haka." Kowa ya saci kallon na kusa da shi, yana zaton an yi taro ba a kira shi ba. Washegari aka dafa taliya.

Daga nan muka samu hanya. Jumhur suka hana shanya safa a kan fanka. Jumhur suka ce mai daɗewa a banɗaki ya ji tsoron Allah. Babu wanda ya tambayi su wane ne, don tambayar kanta tana nuna ba ka ciki. Wani ɗan Zariya ma ya ja ni gefe ya ce shi tun farko ra'ayinsa ra'ayin jumhur ne, in shaida masa. Na ce na shaida.

Sai muka fito da namu abu ukun: tuwo, ɗinki, ɗaki. Baba ya san matan Sudan masu sayar da kuka da daddawa, ya kuma iya tuƙi. Duk mai yagaggen wando zai huta. Abin da ya rage ɗaki ne kawai. Muka riƙa raɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa muna ce masa saura shi.

Ranar da Ustaz ya tafi unguwar Mohandessin sabunta takardunsa, muka ɗauko Baba. Jirginsa ƙaramar bas ce ta haya, keken ɗinki a kan cinyata, direba yana ta yalla yalla, wai a yi sauri. Muka kwashe littattafan Ustaz muka jera su a falo da mutunci, ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Kafin la'asar ƙamshin miyar kuka ya cika bene.

Ustaz ya shigo, ya ga littattafansa, ya ga baƙon tsoho a bakin ɗaki.

"Da izinin wa?"

Na ce, "Jumhur ne suka yanke, Ustaz."

"Tamam, da kyau," in ji shi, ya ajiye jaka a hankali. "Jumhur su ɗaga hannu in gan su."

Wannan ce tambayar da Baba bai gaya mini yadda mai sanƙo ya amsa ta ba. Na ɗaga hannu. Ɗan Damagaram ya ɗaga. Sauran suka dubi Ustaz, suka dubi tabarma. Ɗan Zariyan nan da na yi wa shaida ya shiga gyaran hula da hannu biyu. Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

"Biyu cikin bakwai," in ji Ustaz. "Wannan ko a Rasha sai an yi da gaske." Ashe ya san labarin, mugu, kallonmu kawai yake yi tun ranar adas.

Baba ya miƙe, ya ɗauki ƙullin kayansa. "Ma'alish, ba komai, 'ya'yana. Kada ku ɓata a kaina. Miyar dai a sauke ta kada ta kama." Tari ya sarƙe shi, ya dafa bango har ya lafa. Tsoro ya kama ni, don na san ba shi da inda zai nufa, kuma ni na sa ya mai da makullin shago.

Ustaz ya daɗe yana kallonsa. Da ma labarinsa kawai ya ji a bakina, bai taɓa ganinsa ba. Sai ya ɗaga hannunsa, ya ce, "Baba, ajiye kayan." Kafin ya rufe baki hannaye huɗu sun tashi, na ɗan Zariya ya fi na kowa tsawo.

"Yanzu ya zama ijma'i, bakin kowa ya zo ɗaya," in ji Ustaz. Ya dube ni. "Ka koma ka karanta bambancinsu."

Ba a yi nisa ba muka gane abin da muka jawo wa kanmu. Baba ya soke shura. Ya hana shan shayi a tsaye, ya raba wanke-wanke yadda ya ga dama, kuma tukunyar tuwo kullum a kaina take faɗawa. Ustaz da aka hamɓarar ya zama na hannun damansa, tare suke shan shayi a baranda suna ba da umarni. Da na ce jumhur na ganin an yi mini yawa, Baba ya ce, "Ɗana, ni na koya maka kalmar nan. Laifinka ne da ba ka taɓa tambayata abin da mai sanƙo ya yi bayan ya hau mulki ba."

Wata Juma'a bayan an ci abinci na ƙudura sai na yi tawaye. Na shirya hujjojina, na nufi ɗan ɗakin, na tura ƙofa. Na tarar da shi yana barcin rana, rigingine, baki a buɗe. Ya miƙe ƙafafunsa sambal, har dugadugansa sun wuce katifa sun sauka a kan tayil.

Na ja masa bargo ya rufe su, na jawo ƙofar a hankali, na koma kicin na jiƙa tukunyar.