Gangarar rufin Sahabi

Sahabi ƙanena ne, magini. Shekara talatin da biyu ya yi yana gini tsakanin Filinge, Sanam da ƙauyukan Kurfai, bai taɓa zana gida a takarda ba. In zai ba rufi gangara, sai ya ƙara wa bango ɗaya layin bulo biyu, ya aza azarar ƙarfe a karkace. Bayan an buga kwano ya hau da buta ya zuba ruwa, ya ga inda ya nufa. Iyakar lissafinsa ke nan, kuma ban ji rufinsa ya faɗo wa kowa ba.

Bara ƙungiyar matan Bonkuku ta samu masu taimako za su gina mata magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi. Su matan, Sahabi suke so ya gina. Masu taimakon suka ce sai mai pulan, wato zanen ginin, da aka yi a na'urar ordinata, in babu su ɗauko ɗan kwangila daga Yamai. Sahabi ya san ma'anar wannan. Yana da shekara hamsin da takwas, zai koma ɗora bulo a ƙarƙashin wani.

'Yarsa Anisa, mai zanen gini a wani ofis a Yamai, ta zo hutu da tsohuwar na'urarta, ta ce za ta koya masa zanen. A gidana suka zauna, don ni ke da wuta da tebur. Bango bai ba shi wuya ba. Azara ce ta ƙi. Duk wadda ya ja da linzamin na'ura sai ta kwanta daidai wa daida.

"Baba, kai biyu gare ta," in ji Anisa. "Kowane kai ka ba shi tsawonshi. Wanga mita uku da sittin, wancan uku da ashirin."

"Layi biyu ke nan. Mi ya hana ki ce layi biyu?"

"Na'ura ba ta san layi ba."

"To mi ta sani?"

Na ce masa ta san ba ta gajiya da tsoho mai taurin kai. Ya ce, "Yaya, ke da injin rubutu kika tsufa a meri, ofishin magajin gari, kada ki sa baki."

Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin azara shida suka karkata yadda yake so. Aka buga pulan, masu taimakon suka sa hatimi, Anisa ta koma.

Ranar da za a kafa turaku na bi shi, ina da 'yar uwa a can. Fili ne murabba'i, hanya a yamma, rumbunan wani Malam Tahiru a kudu. Sahabi ya shimfiɗa takarda a ƙasa ya fuskanci gabas. Haka magina namu suke yi, daga alƙibla ake soma auna kome. Abdulgafar, ma'aikacin masu taimakon, ya duƙa ya juya takardar, ya nuna wata 'yar kibiya a kusurwa. Saman takarda arewa ne.

Duk kwanakin nan Sahabi ya ɗauka saman allon na'ura gabas ne, ƙasansa yamma. Anisa kuwa ba ta taɓa ganin filin ba. Ƙofa da gangarar da ya nufa da hanya, a pulan kudu suke kallo. Ruwan rufin duka a gindin rumbunan Malam Tahiru zai zuba.

Abdulgafar ya ce takarda ta sha hatimi, a gina haka. In an taɓa ta sai an sake dubawa, kuma bai yi alkawarin aikin zai jira ba.

Sahabi ya daɗe yana kallon rumbunan. Na laka ne, damina ɗaya ta ishe su.

"Kuskurena ne," ya ce. "Ba ni ginin shi haka. Ka ba ni zuwa Alhamis."

Ban yaba masa ba a lokacin. Na ce masa wanda ya yi kwana goma sha ɗaya da malama a gefe ba zai gama cikin huɗu shi kaɗai ba. Ya ƙi kiran Anisa. Ya zauna a teburina ya goge azara shida, ya ja sababbi daga gabas zuwa yamma, yana faɗin lambar kowane kai da ƙarfi kafin ya danna. Sau biyu ya ɓata bangon arewa ya sake.

Ran Laraba ya kai wa masu taimakon. Suka riƙe takardar mako uku ba labari, har ya soma tambayar wanda ke neman mai ɗora bulo a Abala. Daga baya suka kira shi. Ya gama magazar kafin ruwan shuka, kuma ruwanta a hanya yake zuba.