Rufin da Baba Ya Shuka

Mahaifina kafinta ne, kuma rabin gidajen unguwarmu shi ya buga musu kwano. Tun ina ƙarama daga ƙasa na saba ganinsa: tafin ƙafa, bakin wando, da ƙusoshi jere a leɓensa. Idan ya sauko da yamma, ƙeyarsa ta ƙone, hannu duk yankan kwano, sai ya jingina da bango ya ce wa Inna, "Yau ma na rufe wa wasu bayin Allah tanderu." Inna ta ce to ya daina mana. Ya ce sai ta faɗa masa abin da za mu ci. Shekara da shekaru suna wannan maganar, ba wanda ya gaji a cikinsu.

Ba ya ƙaunar kwano ko miskala zarratin. Ya ce da rani yana gasa mutum, da damina kuma ba ka jin abin da matarka ke faɗa, ko da yake wannan, in ji shi, ba kullum ne yake zama asara ba. Amma shi ake nema, shi yake bugawa, da shi ya ciyar da mu har muka kawo ƙarfi.

Da girma ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko layin awo ne ya daina gani sosai, daga baya kan ƙusa, har ta kai sai ka yi magana yake sanin kai ne. Masu ba shi aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ko sallama ba. Wani a matsayinsa da tabarma zai shimfiɗa a ƙofar gida ya jira masu wucewa. Baba kuwa sai ya zagaya bayan gida, inda ake jibge tarkace, ya ce zai gina ɗan ɗaki na ajiye kayan aikinsa da hutawar rana. Ɗaki ne da bai wuce gado da benci ba. Ya ce kuma wannan karon shi ne mai gida shi ne kafinta, don haka rufin da yake so zai yi: ƙasa a sama, shuka a kanta.

Ni ce auta, ina aure a ɗaya gefen gari, amma duk ƙarshen mako ina gida, saboda haka a gabana aka yi komai. Kuma ina so a san cewa ba shirme ya yi ba, domin wannan kalmar na ji ta daga bakin 'yan uwana har kunnena ya gaji.

Kafin ya taɓa katako ko ɗaya, sai da ya cika daro da ƙasa ya ɗaga, sannan ya jiƙa ta sharkaf ya sake ɗagawa. Ya ce mini, "Auta, zo ki ɗaga." Na kasa ko motsa shi. Ya ce, "To kin ji abin da rufin zai ɗauka ranar da aka kwana ana ruwa. Mai yin lissafi da busasshiyar ƙasa kabarinsa yake ginawa." Daga nan ya shiga rage mata nauyi. Ya daka fasassun jan bulo, ya haɗa da gawayi da ruɓaɓɓen ganye, yana dama su da hannu yana sake ɗaga daron, har ya samu haɗin da ruwa ke ratsawa ya wuce ba ya zama. Katakan rufin ya zaɓo masu kauri, ya jera su kusa da kusa, ya ba su ɗan gangare kaɗan, yadda ruwa zai sauka amma ƙasa ba za ta bi shi ba. A kan allunan ya shimfiɗa tamfol mai kauri, ya bi kowane ninki da yatsa, ya ɗora tsohon kafet don kada wani abu ya huda shi, sannan tsakuwa, sannan buhuna, sannan ƙasar. Gefe-gefe ya kewaye da katako mai huji, ruwan da ya tsiyaye ya bi indararo ya faɗa duro.

Shukar ce ta fi ba shi wahala. Ta farko da ya gwada ciyawa ce, ta yi kyau da damina, rani na shigowa ta bushe ƙurmus. Ta biyu saiwarta ta yi zurfi, ya tsuguna ya cire ta ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da kansa. A ƙarshe wani mai sayar da furanni a bakin titi ya ba shi wasu 'yan tsirrai masu kaurin ganye, masu riƙe ruwa a jikinsu, waɗanda ke rarrafe ba sa tashi sama. Su ma bai yarda da su ba sai da ya bar su rani guda a faranti a tsakar rana, ba ruwa ba inuwa, suka ƙi mutuwa. Duk wannan da lalube ya yi shi. Yana hawa tsani ina riƙe masa, shi kuwa yana can sama yana shafa ganye kamar mai duba kan jariri.

Ɗakin kuwa ya yi sanyi. Da azahar, lokacin da cikin gida ba ya zaunuwa, nan Inna ke kai tabarmarta, ita da ta fi kowa mita a kan aikin.

Matsalar Yaya ce, babban wanmu. Yaya ɗan kasuwa ne, mutum ne mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya fi ba ni haushi, domin ba ka isa ka yi faɗa da shi mutane su goyi bayanka ba. Shi ke sayen maganin Inna, shi ke kawo abinci. Amma rayuwarsa gaba ɗaya a kan "me mutane za su ce" ya ɗora ta. A wajensa, da wajen duk wanda muka tashi tare, ciyawa ba ta fitowa a kan rufi sai a kango, gidan da masu shi suka mutu ko suka tsiyace.

Wata rana ya tarar da Baba a kan tsani, ya ce, "Baba, don Allah in kwano ne ya gagara ka faɗa mini mana. Jiya wani ya tare ni yana tambaya wai ko lafiya, ya hango ciyawa a kan ɗakinmu."

Baba ya ce, "Ka ce masa lafiya lau. Ni da kwano mun rabu ba tsiya."

"Amma Baba, muna raye a ce kana zama ƙarƙashin juji?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa kuma ba ya yi."

Maganar ba ta shigi Yaya ba. Da ya rako ni bakin titi ya ce, "Ki bar shi, ba ya gani ne. Da yana ganin yadda abin yake da shi da kansa zai ji kunya." Na ce masa Baba ya fi mu sanin abin da ke kan rufin nan, tsiro ɗaya-ɗaya ya dasa shi. Ya ce ni yarinya ce. Ina da 'ya'ya uku a lokacin.

Abu ɗaya ne ya rage wa Baba, kuma bai ɓoye shi ba: yana so ya ga rufin da idonsa. Ya san nauyinsa, ya san ƙamshinsa bayan ruwa, amma daga ƙasa ko daga sama abin da yake gani duhu-duhu ne kawai. Shi da ya shekara yana ƙin asibiti, da bakinsa ya ce a kai shi a cire yanar. Aka sa masa rana a tsakiyar damina. Da safen da za mu tafi ya hau tsani ya shafa, ya sauko yana murmushi, ya ce tsirran sun fara ƙullin fure, kafin ya dawo sun buɗe. Ya bar wa Inna saƙo: kada a ba su ruwa, kada a hau, kada a taɓa.

Gidana ya fi kusa da asibitin, don haka a wajena ya zauna, tunda ido ɗaya ake fara yi, sai ya warke a yi ɗayan. Ranar da aka cire bandejin farko ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Auta, ashe kin tsufa." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ce ko mu leƙa gida ya ga abin nasa. Ya ce a'a, ya yi masa aiki da hannu biyu, ba zai kalle shi da ido ɗaya ba.

Ana saura kwana kaɗan a yi na biyun, Yaya ya turo hoto a zauren dangi na waya. Ɗakin Baba ne, da sabon kwano fari fat yana ƙyalli. A ƙasa ya rubuta cewa kyauta ce ta murnar samun lafiya, kada kowa ya faɗa masa. Dangi suka yi ta zuba addu'a, wannan ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa, wancan ya ce haka ake so.

Na fita waje na kira shi.

"Yaya, me ka yi?"

"Gyara na yi. 'Yan dubiya za su cika gidan nan, so kike su zagaya su ga daji a kan ɗaki? Kuma yanzu zai gani, Auta. Ba na so abin da zai fara gani ya zama abin kunya."

"Ka tambaye shi?"

"Ana tambayar mutum kafin a yi masa alheri?"

Ana tambaya. Wallahi ana tambaya. Wanda ya cire maka hula ya ɗora maka tasa ba tare da ya ji ta bakinka ba, kansa ya yi wa, ko da tasa ta fi tsada. Na kira Inna, ta ce ita ma ta ce a bari ya dawo, amma maƙwabta sun ce macizai za su taru a ciki, kuma ai na san halin yayana. Ta ƙara da cewa masu aikin sun cire rabin katakan, wai sun yi yawa ga kwano, Yaya ya bar musu su tafi da su. A nan na san ba shukar kaɗai aka kashe ba. Likita ya riga ya hana Baba ɗaukar nauyi da sunkuyo, gwiwoyinsa ma da kyar suka kai shi ƙarshen wancan aikin. Ba zai sake yin wani ba.

Na koma ciki na tarar da shi yana tambayar mijina ko an yi ruwa a can gefen, don kwana biyu da ruwa sai rana shi ne abin da furen ke so. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali kafin aikin, kada jininsa ya hau. Haka na haɗiye, ina sa masa maganin ido ina kawar da fuska.

A mota, ranar komawa gida bayan an yi ido na biyun, na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya nuna mini wata bishiya ya ce ashe har yanzu tana nan. Duk hanya haka ya yi ta nuna abubuwa kamar yaro, na kasa.

Gida cike yake da mutane. Ko zama bai yi ba ya nufi baya, Yaya ya kama hannunsa yana jagora, alhali Baba yanzu ya fi shi gani. Jama'a suka biyo su. Rana na tsaka, kwanon ya haska har sai da Baba ya kare baƙin tabaran da likita ya ba shi da tafin hannu. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Yaya na gefe yana washe baki yana jiran yabo.

Baba ya ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Aka ce amin, aka tafa, wata gwaggonmu har da hawaye. Ni kuwa ji na yi kamar in kwashe su duka da mari. Ba zai kunyata babban ɗansa a gaban mutane ba, na sani, kuma Yaya har gobe yana ba da labarin a matsayin ranar da ya faranta wa Baba rai.

Sai da la'asar, da gidan ya sarara, ya kira ni. Yana zaune a kan bencinsa a cikin ɗakin, gumi na bin wuyansa.

"Auta, ina suka zuba?"

Na kai shi bayan katanga, gefen kwata. Ƙasar na nan tsibi guda, haɗe da yagaggen tamfol da guntayen kafet, an riga an fara zuba shara a kai. Ba shi da izinin sunkuyawa, sai ya sa sanda yana tonawa a hankali. Can ya tsaya ya nuna mini wani abu. Na ciro masa, ɗan reshe ne da bai kai yatsa ba, ganyen ya yamushe, da fure ɗaya a kansa wanda ya buɗe ya bushe a haka.

Ya cire tabaran, abin da likita ya hana, ya kai shi dab da fuskarsa yana juyawa.

"Ashe ja ne," in ji shi. "Mai furannin ce mini ya yi rawaya ne."