Takardar da Ba Ta Shan Tawada

Nimota ba ta yi boko ba, gara ma ni da na kai aji huɗu. Amma a layinmu na Shomolu, inda kowane gida injin buga takarda ke kuka, ba mai sayen takarda da yawa bai kira ta ba. 'Yar Ijebu ce, gajera, tun tana budurwa take ninkin takarda a shagon kawunta. Takan murza gefen takarda, ta kaɗa ta kusa da kunne, ta faɗi nauyinta. Ta san kwalin da zai tsage in an ninke shi ba ta inda yake kwanciya ba, da wanda zai lanƙwashe in damina ta sauka. Takardar jarida kuwa ta ce kamar baƙo take, kwana kaɗan ta canza fuska.

Mijina Baba Wasiu, Allah ya jiƙansa, yankan takarda ne aikinsa. Shekara ashirin da biyu ina kai masa amala shago, da wuya in ajiye kwano ban ji ya ce a tambayi Nimota ba. Babu komai tsakaninsu, na sani. Sai dai ni ma ina ninki a gefe, kuma bai taɓa miƙo mini takarda ya ce in taɓa ba.

Da ya cika shekara da rasuwa muka sa ranar addu'a. Dole a raba wa mutane ƙananan littattafan rubutu masu hotonsa a bango, kamar yadda ake yi wa kowa. Na ƙudura a raina wannan littafin nawa ne, hannun Nimota ba zai shiga ba. Na tafi Mushin sayen takarda ni kaɗai. Mai shagon ya nuna mini farar takardar rubutu, na ga ba ta da kwarjini. Na zaɓi wata mai santsi da ƙyalli, har fuskata nake hangowa a ciki.

Ana sauke ta wurin yanka Nimota ta zo wucewa. Yatsa ɗaya ta ɗora.

"Iya Wasiu, wannan ai ta kalanda ce. Ba ta shan tawada."

Na ce, "To, sarauniyar takarda, mijin naki ne ko nawa?"

Ta yi dariya ta ce nawa ne, har da munsharin da yake musu a shago bayan azahar. Ta wuce abinta.

Ranar addu'a aka raba littafi, kowa na yabon kyansa, zuciyata fari ƙal. Alfan da ya jagoranci addu'ar ya buɗe nasa, ya rubuta wani abu da biro, ya juya shafi. Tawadar ta bi hannun farar rigarsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya tura littafin ƙarƙashin cinya. Mata suka mai da nasu mafici. Da aka zo kwashe kujeru, fiye da rabi suna nan inda aka bar su, wasu a ƙasa an taka fuskar Baba Wasiu. Na ce a ba mai ƙosan bakin layi, ta aiko cewa ko mai ba ta sha, me za ta naɗe da ita.

Bayan kwana uku Nimota ta yi sallama. Da ta ce ai na gaya miki, da na sami abin riƙewa. Ba ta faɗa ba. Ta zauna a tabarmata da ragowar littattafan da na tattaro, ta ɓalle wayoyin ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ware bangon, ta zuba farar takardar nan da na raina. Har cewa ta yi kwalin bangon na zaɓe shi daidai. Har yau ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko tausayina ta ji.

Yanzu tela na rubuta awo a ciki, malamar Islamiyya na rubuta sunayen yara. Fuskar mijina ce a kai, amma duk layin littafin Nimota suke ce masa. Ina istigfari bayan kowace salla, abin bai gama fita ba. Jiya wani mai injin buga takarda ya tare ni a hanyar masallaci, ya tambaya ko akwai sauran littafin Nimota. Na shiga ɗaki na ɗauko masa biyu.