Usur Ɗin Baba da Ruwan Tuwon Inna

Garinmu ba shi da layin dogo, bai taɓa yi ba. Amma nan Baba ya dawo da mu da ya yi ritaya daga reluwe, lokacin ana kiran garin Abuja, kafin a ɗauke mana sunan a kai wa sabon birni, namu ya koma Suleja. Direban jirgin ƙasa ne, irin mai cin kwal yana fitar da tururi. Duk wanda ya zauna da shi a zaure sai ya sha labarin jirgi har ya ƙoshi.

Ni a barikin reluwe na Minna na tashi. A can kowane direba yana da irin nasa jan usur. Na Baba dogo ne, sai ya karya shi a tsakiya, ya ƙara gajere a baya kamar mai gyaran murya. Tun daga bayan gari yake ja, don Inna ta ji. Da ta ji kuwa sai ta miƙe ta ɗora ruwan tuwo, ko da ana tsakiyar yi mata kitso. Matan bariki suna mata tsiya, wai jirgi ne ɗan aiken mijinta. Takan ce, "To, naku ma su koya mana."

Bayan dawowarmu gida Inna ta yi doguwar jinya. Jiki ya warke, tunani ya tafi. Ni tana gane ni mafi yawan lokaci, amma Baba ta daina gane shi sam. In ya shigo tsakar gida sai ta ja mayafi ta ce, "Wane baƙo ne kuka bari ya shigo mana har ciki?" Yakan yi dariya ya koma zaure. Labarin jirgin ma ya daina ba kowa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Akwai wani malamin makaranta, mutumin Binuwai, da ke haya a ɗakinmu na waje. Shi ya kawo labarin cewa an fito da wani tsohon kan jirgi mai kwal a Minna, cikin waɗanda dizal ya kora, an gyara shi zai kai ɗalibai yawo Zungeru ya dawo da su. Ya ce, "Baba, abeg, don Allah ka zo, yara su ga direba na gaskiya."

Na ce ai da Inna za a tafi. Yayana ya ce ina, mara lafiya ce, ga nisa, ga idon mutane. Na ce masa mai zuwa gaisuwa daga Juma'a sai Juma'a ba shi zai faɗa mini abin da Inna za ta iya ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake fata kuwa ban faɗa wa kowa ba.

Muka bi motar makaranta, har da Inna, ta hanyar Izom har Minna. Ga kan jirgin nan baƙi wuluk, yana sheƙi yana huci. Ashe direban tsohon mai zuba wa Baba kwal ne. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannunsa suka hau tare. Mu muka shiga tarago. Hayaniyar yara ta tsorata Inna, ta riƙe bakin zanena tana cewa in kai ta gida.

Sai usur ya tashi. Dogo, ya karye a tsakiya, gajere ya biyo baya.

Inna ta saki zanena, ta fara laluben takalmanta da ƙafa. Ta ce, "Ke, babanku ya iso, ban ɗora ruwa ba."

A Zungeru muka sauka shan iska. Baba ya taho ta gefen jirgin, farar rigarsa duk ta yi baƙi. Inna ba ta ja mayafi ba. Ta dube shi daga hula har ƙafa, ta ce, "Malam, dubi rigarka. Wa ka ajiye ya wanke maka wannan?"

Ya tsaya, ya ce, "Ke mana."

Ɗalibai sun kewaye shi, malaminsu na nuna shi da hannu, ni kuwa na ji duk tashar ba wanda ya kai ni iyaye.

Kafin mu kai Izom a hanyar dawowa ta sake tambayata wane ne wannan a kusa da ita, tana nuna Baba. Na ce, "Direban jirgi ne, Inna." Ta gyara zama ta ce, "To, in mun isa a kai masa ruwan wanka tukuna."