Ruwan da Motar Yumɓu Ta Sha

Maigidana ya dawo daga Legas a shekarar da aka koro mutanenmu daga can wai su baƙin haure ne, ba shi da komai sai jakar guduma da wata mota a cikin kansa. Sana'arsa bugun jikin mota, amma a Tamale lokacin babu motar da za a buga. Mai ya yi wuya, taya ta yi wuya, motoci suna zaune kan duwatsu kaji na ƙwai a ciki. Muna unguwar Aboabo, gidan mahaifiyarsa da kowa ke kira Mma. Ni ɗinki nake yi, shi ma ɗinkin ya koma facin tsofaffin kaya, don mai jin yunwa ba ya ɗinka sabuwar riga.

Ya daɗe ba ya magana da kowa. Wata rana sai ya shigo da katako da ragar kaji, ya kafa wani ƙwarangwal a rumfar bayan gida, ya je wurin mata masu ginin tukwane ya roƙo yumɓu. Ya ce haka manyan kamfanoni suke yi, da laka ake fara gina mota, a kankare nan a ƙara can, sai ido ya gamsu kafin a taɓa ƙarfe.

Ya kamata in ce na yi masa faɗa, kamar yadda matan unguwa suka zata. Ban yi ba. Motar nan ta shiga raina tun kafin a gama ta. Tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Hancinta ya sunkuya har yana neman taɓa ƙasa, kujeru biyu kacal, ƙofofin kuma sama za su riƙa ɗagawa. Injin ba a gaba yake ba, a bayan direba zai zauna, wai don nauyi ya taru a tsakiya kada mota ta watsar da gindi a kwana. A haƙarƙarinta ya huda ramuka biyu da iska za ta bi ta sanyaya injin. Ya sassaƙa ƙaramarta da itace, ya manna mata guntayen zaren ɗinkina, ya ɗaure ta a kan keke ya gangara hanyar Choggu da gudu yana kallon zaren. Inda zare ya kwanta, iska ta yarda da wurin. Inda ya yi rawa, sai ya dawo gida ya kankare yumɓu. Mutane suka ce Legas ta taɓa masa kai. Ni kuwa da na shafa kafaɗar motar na gane abin da yake nema, don na san yadda ake wahala kafin hannun riga ya zauna ba tattara.

"Ke za ki yanka min fatan, wato samfurin jikinta," in ji shi. "Da takardar siminti, kamar yadda kike yi wa riga. A kai zan buga bodi."

Tun da aka kawo ni gidan babu wanda ya taɓa neman basirata sai ranar. Da wannan maganar ya gama da ni.

Matsalar yumɓu ita ce ƙishirwa. In ya bushe sai ya tsuke ya tsattsage, lanƙwasar da aka sha wahala a kai ta lalace. Dole a lulluɓe shi da buhuna, a yayyafa ruwa safe da yamma. Ga shi bazara ta kama, famfon unguwa ya manta da aikinsa, rijiyoyi sun ƙafe. Dam muke zuwa, nesa da gari, mu dawo da garwa a ka, ruwan ja wur sai an jefa alif ya kwanta. A cikin wannan hali maigida ya ce zai tafi Kumasi wurin tsohon mastansa da ya koya masa sana'a, ya yi masa aiki a ba shi inji, don ba za a yanka fatan ba sai an san injin da zai shiga.

"Kada ki bari ta bushe," ya ce da ni a bakin ƙofa. Bai ce min in kula da kaina ba, ban kuma ji haushi ba, abin da ya kamata ya ba ni tsoro ke nan.

Na raba ruwan gida kashi-kashi, na sha, na tuwo, butar alwalar Mma, sai na mota. Wanka ya koma shafa da tsumma. Maƙwabciyata ta leƙo wata rana da kwano tana neman ruwan dama koko, na ɗibar mata rabin kwanon, na tsaya a gaban rumfa don kada ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ji. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta yi godiya irin wadda ta fi zagi ciwo. Na ji kunya ƙwarai, amma da ta fita na koma na ƙarasa yayyafin.

Zafi ya ƙaru, ruwan dam ya ja baya, abin da nake ware wa motar ya daina isa. Bayanta ne ya fi shan ruwa, don nan ne yumɓu ya fi kauri, nan kuma rana ke bugawa. Na fara ganin ƙananan tsagu. Sai kuma na lura, in na dawo daga dam, buhunan bayan suna da danshi alhali ban taɓa su ba. Mu biyu ne a gidan, ba sai an yi min duba ba. Na ga danshin, na ji daɗi, na yi kamar ban gani ba.

Ranar da na kasa ci gaba da yin kamar ban sani ba, azahar ce. Na zagaya bayan ɗaki na tarar da Mma a tsugune tana buga tafukanta a ƙasa, tana shafa fuska. Taimama take yi. Matar nan ko barci ba ta yi sai da alwala, tana kuma yi wa 'yan mata faɗa in sun bar diddige a bushe. Butarta na gefe, babu ko ɗigo.

"Mma, ina ruwan da na zuba miki?"

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. "Amariya, ka bari. Allah ya san ruwa babu."

"Akwai, Mma. Ni na zuba da hannuna."

"Yanzu babu." Ta kakkaɓe hannu. "Yaro na ya dawo kamar gawa, ba ya ci, ba ya gaisuwa koraa, ko kaɗan. Wannan abu ne ya sa shi dariya. Ni ban san mota ba, amma na san dariyan ɗa na."

Na san hukuncin, ita ma ta sani, ba a taimama alhali da ruwa a gida. Tsohuwa tana kasada da sallarta, abin da ta fi ji da shi a duniya. Da na ce mata daga yau ba za a ƙara ba, da ta ji maganata, don ni ke riƙe da randa. Na buɗe baki, sai na tuna tsagun nan. Washegari na cika mata buta kamar kullum, na ɗauki garwa na tafi dam, na kuma san sarai inda ruwan zai je. A hanya ina kuka, ina tsanar kaina, ina kuma fatan buhunan su jiƙu sosai.

Maigida ya dawo a bayan motar doya, ya rame, injin naɗe cikin tampol. Ko zama bai yi ba ya wuce rumfa ya yaye buhuna. Motar tana nan sumul, babu tsaga ko ɗaya da za a nuna. Na tsaya ina jiran yabo, Mma na bakin ƙofarta. Ya zaro tef ya auna injin, ya auna bayan motar, ya sake aunawa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da adda.

"Me za ka yi?" na tambaye shi.

"Injin ya fi wurin tsayi. Duk bayan nan sai an sake."

Ya sara. Yumɓun ya yanku lumus, ya faɗi ƙasa guntu-guntu, cikinsa a jiƙe har ragar. Fuskarsa cike da murna, yana bayanin yadda sabon bayan zai fi kyau, wai zai ɗaga shi kaɗan iska ta riƙa danne tayoyin. "Ai don haka ake yi da laka," ya ce. "Da na sani ma da na ce ki bar bayan ya bushe, gaban kawai nake so." Ba mugunta ya yi ba, bai san komai ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba. Motar ba ta taɓa taka titi ba, injin daga baya niƙa ya koma yi, amma ranar babu wanda ya san haka a cikinmu.

Ya tara guntayen a kwano zai sake kwaɓawa, ya ce in ba shi ruwa kaɗan. Randa ta yi ƙasa, na tuwon dare ne kawai ya rage. La'asar ta gabato. Kafin in yi magana Mma ta taso a hankali, ta miƙo min butarta cike, ba ta dube ni ba.

Na karɓa, na miƙa masa.